Yadda ake gano yis da fumfunar da numfashinsu ya samu tawaya, daga faranti har zuwa awon saitokurom

Idan aka shuka yis ɗin burodi a faranti mai sukari aka bar shi kwana uku, yawancin tsibin da za su fito manya ne, masu ƙiba, kalar madara. Amma in ka ƙura ido za ka hango wasu 'yan mitsi-mitsi nan da can, ɗaya ko biyu a cikin ɗari. Ɗauki ɗaya ka sake shukawa, 'ya'yansa ma ƙanana za su fito, haka jikoki. Boris Ephrussi da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a birnin Paris a 1949, suka sa musu suna petite. Maitokondiriyarsu, wato sashen ƙwaya da ke fitar da ƙarfi daga abinci ta amfani da oksijin, ita ce ta daina numfashi, sai suka koma rayuwa da tsima sukari kaɗai, hanyar da ƙarfin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba. A 1952 kuma Mary Mitchell da Herschel Mitchell na Caltech a Amurka suka bayyana makamanciyar wannan tawaya a fumfunar Neurospora crassa, a wani iri mai nawar girma da suka kira poky.

Ƙanƙantar tsibi ba hujja ba ce. Cunkoso a faranti yana hana tsibi girma, haka bushewar aga, wato jelin da ke daskarar da abincin farantin, haka tawayar da ba ruwanta da numfashi. Kowane gwaji a cikin biyar ɗin da ke tafe zai iya yaudararka in ya tsaya shi kaɗai. An jera su daga mai araha zuwa mai tsada, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: duk abin da ka yi wa wanda kake zargi, ka yi wa lafiyayyen iri na asali a rana ɗaya, a abinci ɗaya, a zafi ɗaya.

Sarƙar da ake bincika

A jikin fatar ciki ta maitokondiriya akwai jerin furotin da ke karɓar ilektiron daga abincin da ƙwaya ta narkar, suna miƙa wa juna hannu da hannu kamar leburori masu miƙa bulo a wurin gini. Daga NADH ko saksinet, sinadaran da ke ɗauko ilektiron daga abinci, zuwa yubikwinon, ɗan aiken da ke yawo a cikin fatar, daga nan zuwa saitokurom b da c1, sai saitokurom c, sai saitokurom aa3, wanda shi ne ke damƙa ilektiron ga oksijin a samu ruwa. Ƙarfin da ke fita a hanya da shi ake haɗa ATP, makamashin da ƙwaya ke aiki da shi. Saitokurom furotin ne mai ɗauke da ƙarfe, dangin abin da ke sa jini ja, shi ya sa suke shan haske a wurare sanannu. David Keilin ne ya raɗa musu suna a Cambridge a 1925.

Abin da ya sa wannan aiki yake da daɗi shi ne gida biyu ne suka haɗa sarƙar. Maitokondiriya tana da nata DNA, wanda a yis ɗin burodi tsawonsa kusan harafi 86,000 ne. A can ne umarnin saitokurom b yake, da manyan sassa uku na aa3, da wasu sassan injin ATP. Umarnin saitokurom c kuwa a nukiliyas yake. To in DNA ɗin maitokondiriya ya lalace, b da aa3 za su ɓace, c ya tsaya daram. Wannan tambarin za mu nema a mataki na huɗu.

Tsakanin halittun biyu akwai bambanci da ya wajaba a riƙe. Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, yana iya rasa DNA ɗin maitokondiriya ƙaƙaf ya ci gaba da rayuwa muddin akwai gulukos. Neurospora ba ta iyawa, dole sai da oksijin. Sai dai tana da ɓarauniyar hanya: wani furotin mai suna AOX da ke karɓar ilektiron daga yubikwinon ya kai wa oksijin kai tsaye, ya tsallake saitokurom duka. Yis ɗin burodi ba shi da wannan.

Kayan aiki

Don matakai biyu na farko ba a buƙatar abin da ya wuce na ɗakin gwajin maikurobayoloji na kowace jami'a: faranta, tukunyar dafa kaya da tururi, fifet, inkubeta, da tsinken sakace da aka dafa. Abinci iri uku za ka haɗa, kowanne a lita ɗaya ta ruwa. Tushensu ɗaya: giram 10 na tataccen yis, giram 20 na fefton, giram 20 na aga. Na farko, YPD, a ƙara masa giram 20 na gulukos. Na biyu, YPG, a sa gilisarol mililita 30 maimakon gulukos. Na uku, YPDG, gilisarol ɗin nan ne tare da giram 1 tak na gulukos. A dafa gulukos dabam sannan a haɗa, in ba haka ba yakan ƙone abincin ya yi duhu.

Yis yana son digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Yamai zafin ɗaki kan haura haka sosai, kuma zafi mai yawa da kansa yana ƙara yawan petite. In wuta ta ɗauke inkubeta ta zama tanda, adadin da za ka ƙirga ba na irin ba ne, na zafin ranar ne. Ka ajiye ma'aunin zafi a ciki ka riƙa rubutawa.

Game da iri: yis ɗin leda na kasuwa ya isa koyon mataki na ɗaya zuwa na huɗu, bayan ka shuka shi ka ware tsibi guda mai tsabta. Bai dace da mataki na biyar ba, domin gadonsa ninki biyu ne ko fiye, ba ya barbara yadda ake so. Wannan sai da irin ɗakin gwaji mai gado ninki ɗaya. Ire-iren Neurospora, har da poky, ana adana su a cibiyar FGSC da ke Jami'ar Jihar Kansas a Amurka.

Mataki na 1: samo masu tawaya

Shuka tsibi ɗaya a mililita 5 na YPD na ruwa, ya kwana ana jijjiga shi. Da safe kowace mililita tana ɗauke da ƙwaya wajen miliyan 100. Sirka da ruwan da aka dafa, ɗaya cikin goma, sau biyar a jere, sannan ka shafa mililita 0.1 a farantin YPDG. Abin da ake so tsibi 100 zuwa 200 ne, a warwatse. In sun fi haka, sake sirkawa; kada ka yi ƙoƙarin karanta faranti mai cunkoso.

Hikimar YPDG ita ce ɗan gulukos ɗin yana ƙarewa da wuri. Daga nan lafiyayyu su koma cin gilisarol su ci gaba da girma, masu tawaya kuwa su tsaya cak a inda suke. Bayan kwana huɗu ko biyar bambancin ya fito fili, ba sai an yi gardama ba.

In kana son su da yawa, akwai sinadaran da ke hana DNA ɗin maitokondiriya kwafar kansa. Ephrussi ya yi amfani da akirifilabin. Yanzu an fi amfani da itidiyam buromaid, maikurogiram 10 zuwa 25 a kowace mililita: a bar yis ya kwana a ciki, a wanke, a shuka, kusan duk tsibin su fito petite. In aka maimaita sau biyu, da yawansu kan rasa DNA ɗin baki ɗaya, waɗannan su ake kira rho0. Waɗanda suka rasa wani yanki kawai kuma rho-. Sinadarin yana shiga tsakanin DNA, don haka sai da safar hannu, kuma ragowarsa ba ta zuwa kwata. A tara ta a kwalba ta musamman.

Kada ka gwada wannan dabara da kowane yis ka sa rai. Schizosaccharomyces pombe da Kluyveromyces lactis ba sa jure rashin DNA ɗin maitokondiriya. Maimakon ƙananan tsibi sai dai ka ga faranti wayam.

Ita Neurospora ba ta yin tsibi, shimfiɗa take yi. Ana auna saurinta a dogon bututun gilashi mai lanƙwasa a kowane ƙarshe, an kwantar da abincin Vogel a cikinsa. A shuka a baki ɗaya, kullum a lokaci guda a ja layi da alƙalami a inda gaban zaren ya kai. Lafiyayyiya tana cin milimita 3 zuwa 4 a awa a digiri 25. Poky tana farawa da jan ƙafa ƙwarai, sai bayan 'yan kwanaki ta ɗan murmure. Ka kula da ƙurar irinta mai ruwan lemo: faranti ɗaya da aka buɗe da ganganci ya isa ya gurɓata aikin kowa a ɗakin.

Mataki na 2: gilisarol da jan launi

Da tsinken sakace ɗauki kowane ƙaramin tsibi ka ja ɗan layi a YPG tukuna, sannan a YPD, a gurbi mai lamba ɗaya. YPG ake fara taɓawa don kada tsinken ya kwaso gulukos. A kowane faranti sa lafiyayye a gurbi guda. In tsibin suna da yawa, a ɗaure ƙyallen karan-miski da aka dafa a kan katako mai faɗin faranti, a danna farantin farko a kai, sannan a danna sababbin. Bayan kwana uku, wanda ya tsiro a YPD bai tsiro a YPG ba shi ne abin zargi na gaske, domin gilisarol ba ya tsimuwa, sai da numfashi ake cinsa.

Nan ma akwai rami. Wani yis ɗin numfashinsa lafiya lau, furotin ɗin da ke shigar da gilisarol cikin hanya ne kawai ya lalace. Don haka a gwada shi kuma a faranti mai itanol kashi 2 cikin 100, da mai laktet. Mai tawayar numfashi ba zai tsiro a ko ɗaya ba.

Sai gwajin TTC, wanda Ogur, St. John da Nagai suka wallafa a 1957. TTC gari ne fari. In ya karɓi ilektiron daga ƙwaya mai numfashi sai ya rikiɗe ja. Narka aga giram 1.5 a mililita 100 na ruwan fosfet mai pH 7, bar shi ya huce zuwa digiri 45 ko 50, yadda za ka iya riƙe kwalbar a hannu, sannan ka zuba giram 0.1 na TTC. Ba a dafa TTC, ba a barinsa a haske. Kwarara shi a hankali daga gefen faranti har ya rufe tsibin, ka ajiye a duhu. Cikin awa ɗaya zuwa uku lafiyayyu za su fara yin ruwan hoda daga sama, su koma ja kamar gauta, petite kuwa su zauna farare a tsakaninsu. Karanta a lokacin. In ka bari ya kwana, fararen ma sukan ɗauki launi, a rasa na kamawa. Kuma ka kwafi farantin kafin ka zuba, don ciro tsibi mai tsabta daga ƙarƙashin aga wahala ce.

Mataki na 3: auna oksijin da suke sha

Faranti ya gaya maka ba sa girma. Bai gaya maka ko suna numfashi ba. A da da manomitar Warburg ake wannan awo. Yau na'urar Clark ake amfani da ita, wadda Leland Clark ya ƙera a shekarun 1950: ɗan ɗaki na gilashi mai ɗaukar mililita 1 zuwa 3, da murfi mai ƙaramin rami na allura, da maganaɗisun juyawa a ƙasa. In ba ta, mitar oksijin ta awon ruwan kifi da kwalba mai rufuwa ruf za su nuna babban bambanci, ko da ba su kai ta daidaito ba.

Babbar matsalar tana wajen renon ƙwayoyin, tun kafin a zo na'ura. Gulukos mai yawa yana danne numfashin yis: lafiyayye ma in yana tsakiyar cin gulukos yakan rage ƙera saitokurom, ya yi kama da mai tawaya. Tunda petite ba ya cin gilisarol, ba za ka rene su duka a kansa ba. Mafita biyu ce. Ko dai ka yi amfani da galaktos ko rafinos, sukarin da ake tsimawa amma ba sa danniya sosai, ko ka bar su a YPD har gulukos ya ƙare, wato bayan awa 24 ko fiye. Ni na fi son galaktos in irin yana cinsa da kyau. Tulun reno kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na cikinsa, kuma a jijjiga da ƙarfi. Yis da bai samu iska ba ba ya ƙera aa3.

Saita na'urar da maki biyu. Na sama ruwa ne da aka kaɗa ya ƙoshi da iska: a digiri 30 a gaɓar teku yana riƙe da nanomol kusan 236 na oksijin a kowace mililita, a digiri 25 kuma kusan 258. Wanda ke aiki a Jos, mita 1,200 sama da teku, sai ya rage wajen kashi 13 cikin 100, saboda nauyin iska ya ragu. Na ƙasa kuma a jefa ɗan garin sodiyam ditiyonait, ya cinye oksijin ɗin ya koma sifili. Bayan haka a wanke ɗakin sau da yawa, don ɓurɓushinsa zai ci gaba da shan oksijin ka ɗauka ƙwayoyinka ne.

Wanke ƙwayoyin sau biyu, zuba su a ruwan fosfet, rufe ba tare da kumfar iska ko ɗaya ba, sannan ka ba su itanol kaɗan ko gulukos. Bari layin da na'urar ke zanawa ya miƙe na minti biyu ko uku kafin ka ƙara komai. Lissafin ba wuya: ɗaki mai mililita 2 a digiri 30 yana da nanomol 472, in ya ragu da kashi 10 cikin 100 a minti, ana shan nanomol 47 ke nan a minti. Raba wannan da busasshen nauyin ƙwayoyin da ka zuba. Kada ka raba da yawan ƙwaya ko kaurin ruwan kawai, domin girman ƙwayar mai tawaya ba lalle ya zo ɗaya da na lafiyayye ba.

Yanzu sai a toshe sarƙar a wurare dabam-dabam. Antimaisin A, maikurogiram 1 zuwa 2 a mililita, yana toshe ta a saitokurom b. Fotasiyam sayanaid, milimola 1, yana toshe ta a aa3. Gubar da ke cikin rogo mai ɗaci ma a nan take kama mutum. SHAM, milimola 1 zuwa 3, yana rufe ɓarauniyar hanyar AOX. Ga abin da za ka gani. Lafiyayyen yis yana shan oksijin da sauri, da sayanaid ya shiga layin ya kwanta. Petite tun farko layinsa kusan a kwance yake, ɗan abin da yake sha kuma sayanaid bai dame shi ba. Lafiyayyar Neurospora tana tsayawa da sayanaid, SHAM shi kaɗai ba ya yi mata wani abu. Poky ce mai ban mamaki: tana shan oksijin sosai, ka zuba sayanaid ta ci gaba abinta, sai ka ƙara SHAM a kai sannan ta tsaya. Alan Lambowitz da Carolyn Slayman ne suka bayyana wannan numfashi mai jure sayanaid a 1971. Wanda ya tsaya a kan yawan oksijin kaɗai zai rantse poky lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ake gudanar da awon sau biyu, sau ɗaya sayanaid kafin SHAM, sau ɗaya SHAM kafin sayanaid.

Antimaisin da SHAM a itanol ko DMSO ake narka su, itanol kuwa abincin yis ne, don haka a gwada ruwan narkin shi kaɗai a ga tasirinsa. Antimaisin yana manne wa bangon ɗakin. In ba a wanke da itanol ba, samfurin da ya biyo baya zai fito kamar mai tawaya alhali ƙalau yake. Neurospora kuma a yi amfani da ƙaramin zare na 'yan awanni, tsoho yana nannaɗe maganaɗisu. Kada a bari sayanaid ya haɗu da asid ko kaɗan, iskar da ke tashi tana kisa. A haɗa shi sabo a akwatin zuƙe iska, ragowar a tara a ruwa mai alkali, kuma kada ɗalibi ya taɓa shi shi kaɗai a ɗaki.

Mataki na 4: ganin saitokurom ɗin kansu

Saitokurom da ya karɓi ilektiron yana shan haske a siririn wuri. Da ya miƙa shi sai alamar ta ɓace. Keilin ya ga haka da ƙaramin madubin raba haske. Ya sa yis mai kauri a gaban fitila, ya ga baƙaƙen layuka a kan bakan launuka. Da ya kaɗa shi iska ta shiga, layukan suka ɓace, da ya bar shi ya natsa suka dawo. In akwai irin wannan madubi a sashen fiziks, ka nuna wa ɗalibai da cokali guda na yis. Ba abin da ke sa mutum ya yarda da sarƙar nan kamar ganin layukan suna zuwa suna tafiya.

Wuraren da za ka haddace: c a nanomita 550, c1 a 553 zuwa 554, b a 560 zuwa 562, aa3 a 603 zuwa 605.

Cikakkiyar ƙwaya tana watsa haske, don haka a na'urar awon haske ta yau da kullum ya fi kyau a ciro maitokondiriya. Ga yis, a jiƙa shi a DTT, a narka bangonsa da Zymolyase a cikin sobitol mola 1.2, sannan a fasa a sobitol mola 0.6. Ga Neurospora, a tace zaren, a matse, a niƙa da yashi mai tsabta a turmin ɗakin gwaji mai sanyi tare da ruwan sukuros. Daga nan hanya ɗaya ce: a juya a santirifuj a 2,000 g na minti 5 a zubar da dusar ƙasa, a sake juya ruwan saman a 12,000 g na minti 15. Abin da ya kwanta shi ne maitokondiriya. Komai a kan ƙanƙara. Tun a nan ido kan fara ba da labari: na lafiyayye ruwan ƙasa-ƙasa ne, na petite ya fi kodewa.

Auna furotin, ka daidaita duk samfuran a miligiram 3 zuwa 5 a mililita, ka narkar da diyoksikolet ko Triton X-100 har ruwan ya washe. Raba shi kubet biyu, wato 'yan kwalaben da ake sawa a na'urar awon haske. Fara gudanar da na'urar daga nanomita 500 zuwa 650 ba tare da ƙara komai ba, don ka ga layin tushe a miƙe yake. Sannan ka sa ƙwayar ferisayanaid ɗaya ko biyu a kubet ɗin kwatance don ya kwashe ilektiron, ɗan garin ditiyonait a na samfur don ya ɗura su, juya, jira minti biyu, sake gudanarwa. Tsagar hasken kada ta wuce nanomita 1 ko 2, in ba haka ba c da b za su narke su zama tudu ɗaya a zanen da na'urar ke fitarwa. Ditiyonait da ya sha iska ya daskare a kwalba ya mutu. Shi ne sanadin yawancin zanen da ke fitowa fayau. Tsawon kowane tudu ana auna shi ne da kwarin da ke kusa: 550 da 540 ga c, 560 da 575 ga b, 605 da 630 ga aa3. Masu ruwan naitirojin sukan daskarar da samfur a digiri 196 ƙasa da sifili, inda tudun ke ƙara tsini har c1 ya rabu da c, kowanne kuma ya matsa baya da nanomita biyu ko uku.

Karatun zanen shi ne inda aikin ke biya. Babu b, babu aa3, c yana nan: maitokondiriya ta kasa ƙera nata furotin gaba ɗaya. Haka rho- da rho0 suke. Kusan haka poky take, wadda c ɗinta har ninkuwa yake yi. A 1984 aka gano cewa harafi 4 ne kacal suka ɓace a DNA ɗin maitokondiriyarta, a wurin da ya shafi ƙaramin sashen raibosom, injin ƙera furotin. A poky shekarun reno suna da tasiri, tawayar ta fi bayyana a ƙuruciya, don haka ka rubuta awa nawa samfurin ya yi. In aa3 kaɗai ya ɓace, matsalar tana sassansa ko masu harhaɗa shi, kamar irin Neurospora mai suna mi-3. In b kaɗai, a duba umarnin saitokurom b da masu taimaka masa. In duka sun yi ƙasa har da c, kafin ka zargi hanyar ƙera him, wato sashen saitokurom mai ɗauke da ƙarfe, ka tambayi kanka ko gulukos ne ko rashin iska. Zanen lafiyayyen da ka rena tare da shi zai raba gardama. In kuma zanen ya fito daidai alhali ba ya cin gilisarol, sai a koma kan yubikwinon, injin ATP, ko zagayen Krebs, hanyar da ke narkar da abinci ta ciyar da sarƙar.

Zane yana nuna saitokurom yana nan, ba ya nuna yana aiki. Da ragowar maitokondiriyar koma na'urar Clark: ba ta NADH, toshe da antimaisin, sannan ka zuba askobet da TMPD, waɗanda ke ɗura ilektiron kai tsaye a c. In shan oksijin ya dawo, aa3 na da rai. Misali daga gona: magungunan feshin fumfuna irin azoksisitirobin a saitokurom b suke kamawa, kuma sauyin amino asid ɗaya a gurbi na 143 ya sa cututtukan amfanin gona da dama sun daina jin su. Irin wannan sauyi ba zanen da zai nuna maka shi, sai awon oksijin tare da maganin.

Wanda ba shi da poky a hannu yana iya rena lafiyayyar Neurospora a abinci mai kuloramfenikol, wanda ke hana raibosom ɗin maitokondiriya aiki. Za ta rage b da aa3, ta buɗe AOX, ka samu abin gwada na'urorinka da shi.

Mataki na 5: daga wane gida tawayar ta fito

Rashin b da aa3 bai tabbatar da laifin DNA ɗin maitokondiriya ba ne, domin ɗaruruwan umarnin nukiliyas ne ke yi wa maitokondiriya hidima. Barbara ce ke yanke hukunci.

Yis mai gado ninki ɗaya jinsi biyu ne, a da alfa. Haɗa mai tawayarka da rho0 na ɗaya jinsin a kan YPD, su kwana, ka kwafa zuwa YPG. In haɗin ya tsiro, to mai tawayar ne ya kawo lafiyayyen DNA na maitokondiriya, tunda abokin ba shi da ko kaɗan, shi kuma abokin ya rufe masa gurbin nukiliyas. Tawayar ta nukiliyas ce ke nan. In bai tsiro ba, ta maitokondiriya ce. Don tabbatarwa haɗa shi da lafiyayye, ka sa haɗin a abincin fotasiyam asitet ya yi iri huɗu-huɗu, a rarrabe su. Tawayar nukiliyas tana rabuwa biyu da biyu. Ta rho0 ɓacewa take yi, duka huɗun su fito lafiya. Wasu rho- kuwa danniya gare su: guntun DNA ɗinsu yana kwafar kansa da sauri ya kori lafiyayyen, sai kaso mai yawa na haɗin ya fito petite.

A Neurospora jinsin su ne A da a, kuma kowanne yana iya zama uwa ko uba. Wanda aka fara shukawa a abincin Westergaard ya yi kwana biyar zuwa bakwai ya kafa 'yan ƙullutu, shi ne uwa. Wanda aka barbaɗa ƙurarsa a kai shi ne uba. Yi haɗin ta fuska biyu. Bayan wajen mako uku baƙin iri zai harbo ya manne a murfi. A kwashe, a gasa a ruwa mai digiri 60 na minti 30 don ya farka. In poky ce uwa, duk 'ya'yan poky ne. In ita ce uba, ba ko ɗaya, domin maitokondiriya ta wajen uwa take bi. Tawayar nukiliyas kuwa rabi da rabi take bayarwa ko ta wace fuska aka haɗa.

Duk irin da ka tabbatar, adana shi nan take. Yis a gilisarol kashi 15 cikin 100 a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, Neurospora a busasshen silika jel cikin kwalba mai rufi. Kada ka riƙa tsallakar da shi daga faranti zuwa faranti wata da watanni: duk ƙwayar da ta samu wani sauyi na biyu da ya sauƙaƙa mata girma za ta mamaye sauran, ka wayi gari kana auna wani iri dabam da lambar na farko a jikin kwalba.